Ciyawa Mai Huda Biyu

Tun da aka rufe Sauda, 'yarta Hadiyya ta ɗauke baki daga abinci. Ba kuka take yi ba, ba kuma rigima. Idan mahaifinta Maitama ya zuba mata shinkafa, sai ta sa cokali ta yi ta tura ta daga wannan gefen faranti zuwa wancan har ta huce, sannan ta ce ta ƙoshi. Shayi kaɗai take kurɓa, shi ma sai ya tsaya a kanta. Yarinya 'yar shekara shida da aka sani da kumatu ta koma sai idanu. Kullum da safe in zai sa mata riga sai ya zagaye tsintsiyar hannunta da yatsunsa biyu a fakaice, ya ji sararin da ke tsakani ya ƙaru. 

Asibiti kuwa ko sunansa ba ya son ji. Can mota ta kai Sauda tana tari, tana ce masa kada ya manta da miya a kan wuta, bai ƙara sa ta a ido ba. Ita ce ma ta kawo su Kuala Lumpur. Malama ce a wata kwaleji a Kano, gwamnati ta turo ta ƙaro karatu, shi kuma ya rufe shagonsa na ɗinki ya biyo ta da yarinya, suka kama gida a wani dogon bene a unguwar Taman Melati. A shekara ta biyu ta annobar korona cutar ta shigo musu. Ranar da aka kira shi a waya, shi da Hadiyya suna killace a ɗaki, an hana su ko leƙa ƙofa. Waɗansu mutane masu fararen kaya har ka suka yi mata sutura, suka kai ta. An turo masa hoton kabarin a waya, amma bai buɗe ba. Ya sha kai yatsa, sai ya janye.

Komawa gida ta tsaya a maganar takardu da jirgi, don haka ya ci gaba da ɗan aikin da yake yi a wata ƙaramar masana'anta bayan unguwar Setapak, inda ake yin ciyawar roba, irin wadda ake shimfiɗawa a filin ƙwallo da farfajiyar otal. Ranar da ya fara zuwa wurin ya ɗauka wasa ake yi masa da aka nuna masa buhunan da ciyawar ke fitowa daga ciki. Ƙwayoyin roba ne farare kamar shinkafar tuwo. A zuba su a wani babban mazurari, a haɗa da koren launi da wani gari mai hana rana cinye launin, a narkar. Inji ya matso su ta wani ƙarfe mai ƙananan huji, su fito zara-zara kamar taliya, su bi ta kwamin ruwa su huce, a ja su su miƙe, a naɗe a manyan kwarkwaro. Daga nan sai wurin Maitama. Injinsa keken ɗinki ne da ya kai girman ɗaki, allurai jere reras suna soka zaren cikin wani baƙin yadi mai kauri, wuƙaƙe a ƙasa suna yanke kan kowane zare ya tsaya a tsaye. Sai a shafe bayan da gam, a bi da shi ta cikin tanda ya bushe, a naɗe.

Akwai wani zare na biyu mai ruwan ƙasa, murɗaɗɗe, da ake cusawa a gindin koren. Ya taɓa tambayar amfaninsa wurin shugaban ɓangarensu, wani Bamalaye mai tumbi da son raha wai shi Zulkiflu, wanda bakinsa bai iya Maitama ba, sai Mat Tama.

“Wannan ai matacciyar ciyawa ce, Mat Tama,” in ji Zulkiflu. “In babu matacciya a ciki, kowa ya gani ya san ƙarya ce.”

Da annoba ta yi tsanani aka rufe filayen ƙwallo, otal-otal suka mutu, manyan naɗi suka daina fita. Amma aiki bai tsaya ba. Sai ga wata irin oda ta ƙananan yanka, tsawon katifar mutum ɗaya amma ba su kai ta faɗi ba, kowane da huda biyu zagayayyu, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa. Aka riƙa ɗauke Maitama daga allurai rabin yini, a ba shi wuƙa da kwalin awo. Tela ne, hannunsa ba ya karkacewa. Shi a ganinsa mutane ne suka gaji da zaman gida suke ƙawata baranda, hudar kuma ta ajiye tukunyar fure ce. Bai tambayi kowa ba. Mutumin da takardar izinin zamansa ta ɗan rakiya ce ba ya yawan tambaya a wurin aiki. Abin da ya lura da shi kawai, ba a kunna rediyo a ɓangaren yanka, kuma odar sai ƙaruwa take yi.

Wata ranar Alhamis ya ga wani ɗan ƙarami a tarin rarar da ake zubarwa, hudarsa ɗaya ta ɗan yage. Ya tuna Hadiyya ta daɗe ba ta taka ko ciyawar bakin titi ba. Ya naɗe shi ya sa a hammata ya hau jirgin ƙasa da shi.

Maƙwabciyarsu Hajiya Murja, matar wani malamin jami'a daga Zariya, ita ke riƙe Hadiyya in ya tafi aiki. Da ta gan shi da naɗin sai ta sa dariya a bayan takunkuminta.

“A'a, manoma an dawo daga gona? Baban Hadiyya, kai dai ka iya sana'a. Kana noman ciyawar da ko akuya ba ta ci.”

“Ita ce mai albarka, Hajiya. Ba taki, ba ban ruwa, ba ruwanka da Fulani.”

“To Allah ya ba da yabanya. 'Yarka dai yau ma lomar burodi ɗaya ce, ita ma sai da na yi kamar zan yi kuka.”

Ya shimfiɗa ciyawar a baranda, wadda ba ta samun rana saboda benen da ke gabansu. Ya kira Hadiyya. Ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ga idanunta sun buɗe yadda bai gani ba tun rasuwar. Ta durƙusa, ta shafa ciyawar, ta sa yatsa ta zagaye huda ɗaya, ta rarrafa ta zagaye ɗayar.

“Abba, a ina ka samo?”

“Ni na yi ta da hannuna. Taki ce.”

Ta yi masa wani irin kallo mai tsawo. Sannan ta ce, “Ta yi ƙarama.”

“Daidai ke ce ai,” ya ce yana dariya.

Ba ta yi dariyar ba. Amma daga ranar ba ta rabuwa da baranda, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne ya fara zuwa. Har sadaka ya yi. Sai dai cin abinci bai dawo ba, ya ma ƙara ja baya. Murja ta ce masa yarinyar ba ta yarda ta zauna a wurinsu, kullum sai ta nemi makulli ta koma gida. Kuma in an leƙa ba wasa take yi ba. Tana juya ciyawar ne, ta ja nan, ta gyara can, har sai ta daidaita ta yadda take so, a karkace, ba ta bi bango ba.

Ranar Lahadi da la'asar hadari ya haɗo kamar yadda ya saba a garin, gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Maitama ya idar da salla ya ji gidan shiru. Ya kira Hadiyya, ba amsa. Ya duba ɗaki, ya duba banɗaki, ya leƙa bayan labule. Ruwa ya kece, iska tana watso shi cikin baranda. Da ya tura ƙofar sai ya ga ciyawar tana nan a karkacenta, ba kowa a kai. Har ya juya, sai ya lura tsakiyarta ya ɗan yi tudu. Tudun ba ya motsi. Ruwa yana sauka a kan koren yana gangarewa ta gefe.

Ya matso. Ta cikin hudar sama ya ga ido ɗaya a buɗe, yana kallonsa, ba ya ƙiftawa.

Salatin da ya yi sai da maƙwabta suka ji. Ya fizge ciyawar. Hadiyya tana kwance a kan siminti, a gefenta na dama, hannayenta a miƙe a jikinta, fuskarta tana kallon inda yake fuskanta in zai yi salla. Rigarta ta jiƙe, leɓɓanta sun yi fari.

“Abba, ka ɓata,” ta ce a hankali. “Ina saurare ne.”

“Sauraren me? Me kike saurare?”

Ta tashi zaune ta ce, “Ruwa yana shiga ta hudar.” Daga haka ba ta ƙara cewa komai ba, duk yadda ya yi da ita.

Washegari ya isa masana'anta da wuri, bai ko karya ba. Ya tarar da Zulkiflu yana loda yankakkun ciyawa a bayan mota. Ya ɗauki ɗaya ya zura hannu cikin hudar.

“Oga, wai ni wannan hudar ta mece ce?”

“Yau kuma? Ka yanka sun fi gashin kanka, sai yau za ka tambaya?” Zulkiflu ya yi dariya, amma da ya dubi fuskar Maitama sai dariyar ta tsaya. “Da gaske ba ka sani ba? Ta dutse ce mana. Dutsen kai da dutsen ƙafa.”

“Wane dutse?”

“Na kabari mana. Ku a ƙasarku ba ku kafa dutse?”

 A inda ya tashi, kabari tudun ƙasa ne. A tara ƙasa, a yayyafa ruwa, a sa ɗan ice ko fasasshiyar tukunya don shaida, a yi addu'a a watse. Bai taɓa shiga maƙabartar mutanen nan ba, bai san suna kafa duwatsu biyu su shimfiɗa kore a tsakani ba. Ya dubi bayan motar, an jera su har sama. Ya dubi hannunsa da ke cikin hudar, ya zare shi da sauri.

“Ƙananan fa?” ya tambaya, ko da yake ya riga ya san amsar.

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. “Ba manya kaɗai take ɗauka ba.”

“Na kai ɗaya gida. Ƙarami. Na ba 'yata.”

“Ka ba ta ta yi me da shi?”

“Wasa.”

Zulkiflu ya ja da baya har ya bugi ƙofar mota. Ya yi ta'awwuzi, ya shafa fuska da hannu biyu. “Mat Tama, Mat Tama. Tafi gida yanzu. Ni zan tsaya a kan alluranka. Tafi!”

Bai san yadda ya iso Taman Melati ba. A jirgi kujerun da aka liƙa wa alamar kada a zauna sun fi mutane yawa, shi kuwa ya kasa zama ko a wadda aka yarda. Maganarsa ce ke ta dawo masa: daidai ke ce ai. Da bakinsa ya faɗa, yana dariya.

Ya wuce Murja a bakin ƙofa ko gaisuwa babu. Ya shiga baranda ya naɗe ciyawar, ya nufi ɗakin zuba shara. Sai ga Hadiyya ta fito da gudu ta rungume naɗin da hannu da ƙafa. Yarinyar da ba ta da ƙarfin ɗaga kofi, ya ja ya ja ya kasa ɓamɓare ta. Ba ta yi kuka ba, wani irin gurnani kawai take yi daga maƙogwaro.

“Baban Hadiyya, sake mata!” in ji Murja. “Za ka karya ta. Mene ne haka?”

“Kin san ko mene ne wannan, Hajiya? Murfin kabari ne. Murfin kabari na kawo wa 'yata da hannuna.”

Murja ta dafe ƙirji. Ta dubi ciyawar, ta dubi yarinyar, sai ta zauna a kan hannun kujera. “Wayyo ni. Ashe shi ya sa. Hoton nan da aka turo, an sa shi a zauren matanmu na waya don a yi addu'a. Na tarar da ita da wayata tana kallo, na karɓe, na ɗauka ba ta gane komai ba. Duk kaburburan da ke gefe kore ne shar. Na Sauda ne kaɗai jar ƙasa.”

Maitama ya saki naɗin. Ya durƙusa a gaban 'yarsa har fuskokinsu suka daidaita.

“Hadiyya. Uwata. Gaya mini.”

 Da ta fara magana sai ta yi da Turanci, kamar yadda take yi in abu ya yi mata nauyi, tana sako Hausa a tsakani.

“Kowa an rufa masa. Ummi ce kawai ba a rufa mata ba. Kullum ana ruwa a kanta. Na ɗauka ka kawo ne mu kai mata, sai ka ce tawa ce. Ina gwadawa ne in ji ko tana tare ruwa. In na lanƙwashe ƙafata tana isa. Ita ma sai ta lanƙwashe.”

“To abinci fa? Me ya sa ba kya ci?”

Ta dube shi kamar ya yi tambayar da ba ta da kai. “Ina cikin ɗaki ina cin abinci mai zafi, ita tana waje?”

Murja ta ja mayafi ta rufe fuska. Maitama ya zauna daɓas a ƙasa. Ya so ya ce mata mamaci ba ruwansa da ruwan sama, ya so ya kawo mata abin da malamai ke faɗa, amma ya san ya faɗi irin wannan tun makon farko, ta kuma gyaɗa kai kamar ta ji.

“Zan kai ki,” ya ce.

“Ina?” in ji Murja. “Maƙabarta? 'Ya mace, ƙarama kamar wannan? Baban Hadiyya, mu da muke manya ma ba ma zuwa. In dangin Sauda suka ji fa? Kuma ka shimfiɗa mata roba a kabari kamar wani falo? Ko mai gidana ya ji sai ya yi maka faɗa.”

“Ya yi mini, Hajiya. Na yarda. Dubi hannunta.”

Murja ta dubi hannun, ta sauke kai.

A lokacin an ɗan sassauta dokar fita. Zulkiflu ya ce dama yana da kaya da zai sauke a wannan maƙabartar, ya zo ya ɗauke su ranar Laraba da hantsi. Hadiyya ta zauna a tsakiya da naɗinta a kan cinya. Zulkiflu ya yi ta ƙoƙarin sa ta dariya, ya ce tumbinsa ne ke tuƙa motar ba shi ba, ya tambaye ta ko ta makan, wato ko ta ci abinci. Ta ce masa a'a da harshensa, cikin ladabi, ta mai da ido kan hanya. Ya tsaya a wani kedai, ɗan shagon bakin hanya, ya sayo ayaba soyayya a takarda ya ajiye a gaban mota. Ba wanda ya taɓa.

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa. Mai gadin wurin, wani tsoho siriri da takunkumi a haɓa, ya duba sunan ya nuna musu can ƙarshen fili, sabon ɓangaren da aka buɗe saboda annoba. Zulkiflu ya tsaya sauke kaya. Maitama ya riƙe hannun 'yarsa suka shiga.

Tsohon ɓangaren akwai bishiyoyi da inuwa da kukan tsuntsaye. Da suka wuce shi sai komai ya ɗauke. Fili ne da aka share da katafila, ba bishiya ko ɗaya, kaburbura jere a sahu har inda ido ya tsaya. Kusan kowanne da korensa, kore iri ɗaya, tsawo ɗaya, duwatsu biyu sun leƙo ta hudar. Ba fara, ba tururuwa, ba abin da ke motsi. Iska ta taso ta wuce, ciyawar ba ta kaɗa ba. Wani wari ne ke tashi, da ya shaƙa sai ya gane shi: warin bakin tanda ne, inda gam ke bushewa. Ya san yankan wuƙarsa a gefen waɗansu. Ya riƙa yin sallama ga mutanen wurin a ƙasan maƙoshi.

Kabarin Sauda yana kusa da ƙarshen sahu. Jar ƙasa ce, ruwa ya ɗan zaizaye gefenta, da ɗan allo mai sunanta. Maitama ya tsaya. Abin da ya ƙi buɗewa a waya ga shi a gabansa. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, bakinsa ya kasa, sai hawaye.

Da ya share ido bai ga Hadiyya a gefensa ba.

Tana can gaba kaɗan, inda sahun ya ƙare. An haƙa ramuka ana jiran masu su, ƙasarsu a tare a gefe. Na ƙarshen ƙarami ne. A bakinsa take tsaye, naɗin a rungume a ƙirjinta, yatsun ƙafarta sun leƙa ciki, tana kallon ƙasan ramin kamar mai kallon ruwa a rijiya. Ya ga tsawon ramin, ya ga tsawonta. Bai kira sunanta ba, don kada ta firgita. Ya taka a hankali har ya isa, ya sa hannu ya kamo bayan rigarta, ya jawo ta jikinsa. 

“Na waye?” ta tambaya.

“Ba namu ba ne. Zo ga Ummi can.”

Ta biyo shi. A gaban kabarin ta ajiye naɗin, ta tsaya tana nazarin na maƙwabta don ta ga yadda ake shimfiɗawa. Ta durƙusa kusa da na dama, ta ɗora tafin hannunta duka a kan koren don ta ɗaga gefensa.

Ƙarar da ta yi ita ce ta farko tun rasuwar uwarta. Ta fizge hannun tana yarfewa, tafin ya yi ja. Maitama ya kama yana hura mata. Shi kansa da ya taɓa da bayan yatsa sai da ya janye. Roba ce ta sha rana tun safe, ta yi zafi kamar murfin tukunya. A barandarsu mai inuwa ba ta taɓa yin haka ba.

Hadiyya ta daina kuka ta tsaya tana kallon filin, sahu bayan sahu.

“Abba, duka haka suke?”

“Duka, in rana ta yi.”

“Suna ji?”

 “Allah ne ya sani, uwata.”

Ta koma gaban kabarin uwarta. Ta kai ɗayan hannun a tsorace ta taɓa jar ƙasar. Saman da ɗumi. Ta tura yatsunta ciki, ta ƙara turawa har suka nutse, ta yi shiru tana sauraren abin da hannunta ke gaya mata. Maitama bai hana ta ba, ko da yake duk jikinsa yana so ya hana.

“Ciki da sanyi,” ta ce. “Amma ba jiƙe ba. Sanyi mai daɗi.” Ta sa hannun da ya ƙone shi ma, ta bar shi a ciki. Sannan ta sunkuya ta yi magana da ƙasar, ƙasa-ƙasa, da Hausa zalla, maganar da bai ji ba kuma bai matsa ya ji ba. Ta daɗe. Rana tana dukan bayanta, ya tsaya ya yi mata inuwa da jikinsa.

Da ta miƙe ta dubi naɗin da ke yashe a gefe. “Kada ka sa mata.”

“Ba zan sa ba.”

“Ko na tafi makaranta kada ka zo ka sa.”

“Wallahi ba zan sa ba.”

Tsohon mai gadi ya iso da butar ruwa, ya miƙa wa yarinyar. Ta zuba a hankali daga kai zuwa ƙafa, ƙasar ta shanye. Tsohon ya ga naɗin, ya warware shi kaɗan, ya dubi tsawonsa, sannan ya waiga can ƙarshen sahu. Ya tambayi Maitama da hannu ko suna so. Maitama ya girgiza kai. Tsohon ya naɗe ya sa a hammata ya yi gaba. Maitama ya juya kan 'yarsa zuwa hanyar fita don kada ta ga inda ya nufa.

Suka koma mota. Zulkiflu ya tayar, suka fito titi. Hadiyya tana zaune a tsakiya, hannayenta a kan cinya, jar ƙasa a ƙarƙashin faratanta. Sun yi nisa sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Wannan ayabar ta waye?”

Zulkiflu ya dubi Maitama ta saman kanta. “Ta mai jin yunwa ce. Ni ka ga tumbina, likita ya hana.”

“Ta huce,” in ji ta.

“To, sai mu tsaya a sayo mai zafi.”

“A'a. A bar ta.”

Maitama ya ɗauko takardar, mai ya ɗiga masa a wando. Ya zuba ruwan gora ya wanke mata yatsu, ya buɗe takardar a kan cinyarta. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura kaɗan, ta tauna, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar kamar maƙogwaron ya manta hanya. Ya kau da kai yana kallon taga don kada idonsa ya tsayar da ita. Ta gilashin yake ganin inuwarta. Ta gama ta farko, ta dakata har suka wuce wata gada. Sannan ta kai hannu ta ɗauki ta biyu.